Wa Ya Kafa Dokar? Tafiyar Kalma Ɗaya Daga Bakin Mai Shela Zuwa Zauren Majalisa

Idan labari ya shigo kasuwa cewa an kafa doka, tambayar da ke fara fitowa daga bakin mutane ita ce, "Me kuma aka hana?" Da wuya ka ji mai tambayar wa ya kawo ta ko su wa suka zauna a kanta. A kunnen Bahaushe doka hani ce, kuma daga sama take saukowa: dokar hana fita, dokar hana bara, dokar hana goyo a babur, dokar kulle, dokar ta-ɓaci. Ko a cikin gida, in aka ce maigida ya sa doka, to wani abu ne ya soke. Ita kuma 'yar "an" ɗin nan da ke gaban "kafa" ta wadatar da mu, ba ma neman sanin sunan wanda ya kafa.

Harshe bai yi wa kowa ƙage ba a nan. Abin da kakanni da iyaye suka gani da idonsu ne ya zauna a bakin jikoki. A ɗauki shekarun da ke tsakanin 1900 da 1999, a ware waɗanda zaɓaɓɓun wakilai suka riƙe ikon yi wa Arewa doka: daga 1952 zuwa farkon 1966, sai 1979 zuwa 1983, sai ɗan guntun lokacin nan na 1992 da 1993 da majalisu suka zauna a ƙarƙashin inuwar soja. Duka-duka bai wuce shekara 20 cikin 99 ba. Mafi yawan abin da ya rage sa hannun mutum ɗaya ne, ko Gwamna Bature ko hafsan soja.

Kafin zuwan Turawa abu biyu ne ke riƙe da zaman jama'a a ƙasar Hausa, kuma mutane ba sa rikita su. Akwai shari'a, akwai doka. Shari'a babu mai da'awar shi ya yi ta. Tana cikin Alƙur'ani da hadisi da littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, aikin alƙali shi ne ya buɗe ya nemo hukunci. Doka kuwa ta sarki ce: ranar da za a fita gyaran ganuwa, hana fitar da hatsi in shekara ta yi wuya, hana yawon dare in ɓarayi sun yi yawa. Mai shela ya zaga kasuwa da ƙofofin gari yana cewa "Sarki ya gaishe ku," sannan ya faɗi abin da aka hana da abin da zai sami wanda ya taka. Shelar ce ke mayar da maganar fada doka. Irin wannan doka kuma takan bi mai ita kabari, sai in magajinsa ya ga dama ya raya ta.

Ba wai sarki shi kaɗai yake yanke shawara ba. Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Tara ta Kano, kuma kowace masarauta tana da manyan da ake zama da su. Daga nan muka gaji kalmar majalisa, wadda asalinta Larabci ne, wurin zama. Sai dai majalisar sarki shawara take bayarwa, kuma ba talaka ya aika ta ba. Abin da ke taka wa dokar sarki birki shi ne malamai. Al-Magili ya rubuta wa Rumfa nasiha kan abin da ya wajaba a kan masu mulki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya kama sunayen abubuwan da sarakunan Haɓe ke ɗora wa jama'a, jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa, ya ce ba su da tushe a shari'a. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano lokacin da mutanen garin suka nemi ya bar musu jagora kan tafiyar da mulki. Ko an bi ko ba a bi ba, kowa ya san akwai ma'aunin da ake auna dokar mai mulki da shi, kuma ma'aunin ba a hannunsa yake ba.

Ranar 1 ga Janairun 1900 aka ɗaga tutar Ingila a Lokoja, Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya zama Babban Kwamishinan Arewa. Ba a kafa masa wata majalisar dokoki ba. Shi da lauyansa ke rubutawa, ya sa hannu, a aika kwafi Landan inda Sakataren Mulkin Mallaka ke da ikon sokewa. Sunan da Turawan suka ba wa dokokin nan a harshensu ma'anarsa shela. Ta wannan hanya aka yi dokar kotunan ƙasa a 1900, da dokar bayi ta 1901 wadda ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, da kundin laifuffuka na 1904 da aka kwafo daga Kwinsland ta ƙasar Ostireliya, da dokar haraji ta 1906. Wasunsu ma an yi su Kano da Sakkwato ba su faɗi ba tukuna.

Da Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Lugard ya tara Waziri da manyan gari ya gaya musu ta bakin tafinta cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon sa haraji, da ikon ƙasa, duk sun koma hannun Turawa. Ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba, alƙalai kuma za su ci gaba da zama, amma an soke wasu hukunce-hukunce, an kuma gindaya cewa ba za a zartar da hukuncin da ya saɓa wa abin da Bature ke gani adalci ne ba. A nan ma'aunin ya juye. A da shari'a ke auna doka. Daga ranar, doka ce ke nuna wa shari'a inda za ta tsaya.

Yana da kyau a duba yadda doka ke tafiya a wancan zamani, don a nan ne kalmar ta sami ɗanɗanon da take da shi har yau. Ana buga ta da Turanci a gazet a Zungeru, wadda a da ake kira Dungurum, daga baya kuma a Kaduna da Ikko. Razdan ya karanta a ofishinsa, ya je fada ko ya aika, tafinta ya juya wa sarki. Sarki ya sa magatakarda ya rubuta wa hakimi, hakimi ya tara dagatai, dagaci ya kira masu unguwanni, mai unguwa ya tura mai shela ranar kasuwa. Kafin maganar ta iso kunnen manomi a Ɗanbatta ko Illela, ta ratsa baki shida ko bakwai, ta zubar da dalilinta a hanya, hani da tara kawai suka rage. Manomin bai ga takarda ba, bai ji sunan Bature ba. Gaisuwar sarki ya ji, kamar yadda kakansa ya ji. Wannan shi ne ƙarfin mulkin da aka bi ta hannun sarakuna: mai dokar yana nesa, fuskar da ake gani ta gida ce.

Sannan kalmar ta sa kaki. A shekarun 1920 En'e-En'e suka fara kafa rundunar tsaro daban da dogarai, aka kira su 'yan doka, don a bambanta su da 'yan sandan gwamnati. Ga mutanen da suka rayu daga wannan lokaci zuwa ƙarshen shekarun 1960, in an ce doka ba littafi ke zuwa musu a rai ba, mutum ne mai kulki da ke tsaye a bakin kasuwa ko a bayan mai karɓar haraji. 'Yan jam'iyyar NEPU sun fi kowa sanin haka. Taro ba izini, ko maganar da aka fassara da zagin sarki, ta isa a kwana a gidan yari, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a kan irin wannan.

Haɗe Kudu da Arewa a 1914 bai canza komai ba ta wannan fuska. Tsarin Gwamna Clifford na 1922 ya kafa majalisar dokoki a Ikko mai kujerun zaɓe huɗu, uku na Ikko ɗaya na Kalaba, amma ikonta bai tsallako Arewa ba. Gwamna ya ci gaba da yi wa Arewa doka shi kaɗai. Wato tun 1923 wasu 'yan Kudu suka fara jefa ƙuri'a don aika mai magana da yawunsu, Arewa kuwa sai da ta ƙara jiran kusan shekara 25 kafin ta ga ko da zauren muhawara.

Zauren ya zo da tsarin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a Janairun 1947. Aka kafa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna. Ba zaɓaɓɓu ba ne a ma'anar yau, En'e ce ke tsamo su, kuma shawara kawai suke bayarwa. Duk da haka a wannan zaure ne, a watan Agustan 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe ya kawo ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, yana kukan cewa talaka ba shi da ta cewa a kan yadda ake mulkinsa. A watan nan ne kuma aka kafa NEPU a Kano. Tsarin Macpherson na 1951 ya ba majalisar Kaduna ikon yin doka na gaske, ko da yake zaɓen hawa-hawa aka yi, wanda ya tace 'yan hamayya kafin a kai matakin ƙarshe. Tsarin 1954 ya kawo tarayya, Sardauna ya zama Firimiya, sannan Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959.

Waɗannan shekaru 14 na Lugard Hall, zauren majalisar Kaduna, sun cancanci a tsaya a kansu, domin a cikinsu ne Hausa ta koyi maganar yin doka. 'Yan majalisa da yawa da sarakuna da Hausa suke muhawara, tafintoci na juyawa. Dole aka nemo yadda za a kira abubuwan da ba a taɓa yi ba: kawo ƙuduri, goyon baya, karatu na ɗaya da na biyu da na uku, kwamiti, gyara, ƙuri'a, rinjaye, ɗage zama. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ita ke kai labarin zaman majalisa zaurukan karkara, inda mai karatu ɗaya ke karanta wa mutum goma. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa don daidaita rubutu da tantance kalmomin aro. A karon farko mutum na iya cewa wane ne ya kawo magana kaza, wane ya soke ta, aka ƙirga hannu. Amma akwai wani sharaɗi a tsarin mulkin Jihar Arewa da ya kamata a riƙa tunawa da shi. Ya yarda a gudanar da zama da Turanci da Hausa, sai dai dole a buga kowane ƙuduri da kowace doka da Turanci, in kuma an buga na Hausa aka sami saɓani, na Turancin ne abin dogaro. Baki ya zama namu, alƙalami bai zama ba.

Babbar dokar da wannan majalisa ta yi ita ce wadda ake kira Final Kod a kotunanmu har gobe. Ana gab da samun 'yanci, ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba suka kai kukansu gaban kwamitin Willink kan yadda ake shari'ar laifuffuka a Arewa. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Babban Alƙalin Bida. Suka ba da shawarar a yi kundi ɗaya irin na Sudan, wanda shi ma daga na Indiya na 1860 ya samo tushe. Ba a kai daftarin majalisa ba sai da malamai a ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Junaidu suka bi shi suka yi ta ja-in-ja da masu rubutawa. Majalisun biyu suka amince a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumban 1960, ana gobe 'yanci. Har yau akwai masu ganin a nan aka sallama hukunce-hukuncen shari'a, akwai masu ganin sulhu ne da ya riƙe Arewa a dunƙule. Kowanne ɓangare mutum ya ɗauka, wannan doka ce da aka san masu ita, aka san gardamar da aka yi a kanta, kuma a ganina shi ya sa ta yi ƙarko.

Ranar 15 ga Janairun 1966 aka rufe wannan babi da bindiga. Dokar soja ta farko ta dakatar da majalisu, ta ce daga yanzu doka ita ce abin da Shugaban Gwamnatin Soja ya sa wa hannu, a jiha kuma abin da gwamnan soja ya sa wa hannu. Ba a daɗe ba Arewa ta ga abin da hakan ke nufi. Ranar 24 ga Mayu Janar Ironsi ya sanar a rediyo da doka mai lamba 34, wadda ta rushe tarayya ta haɗe aikin gwamnati wuri guda, alhali kwamitocin da ya kafa don jin ra'ayi ba su gama aiki ba. Bayan kwana biyar tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, aka kashe 'yan ƙabilar Ibo da dama waɗanda ba su da hannu a rubuta ko da harafi ɗaya na dokar. Babu abin da zai wanke wannan kisa. Amma tarihi ya nuna cewa maganar da aka hana ta zaure, titi ta fita. Gowon ya soke dokar bayan ya karɓi mulki, shi ma kuma da sa hannu ɗaya ya yanka ƙasar jiha 12 ranar 27 ga Mayun 1967.

A 1970 Kotun Ƙoli ta yi ƙoƙarin dawo da ma'auni. A shari'ar Lakanmi, kan ƙwace kadarori, ta yanke cewa dokar soja ma tana da iyaka. Ba a yi wata guda ba gwamnati ta fitar da doka mai lamba 28 ta shekarar, wadda ta rushe hukuncin ta kuma hana kowace kotu tuhumar ingancin dokar soja. Abin da ya biyo baya sananne ne. Doka ta 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba shari'a. Doka ta 4 ta shekarar ta kai 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari na shekara guda. Doka ta 20 kuwa baya ta koma ta kamo laifin da aka yi kafin a kafa ta, kuma a kanta aka harbe mutum uku a Afrilun 1985 kan safarar ƙwaya.

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Majalisar Lugard Hall, duk da zaɓaɓɓiya ce, ta ƙi ba matan Arewa ƙuri'a har ta rushe. Gwamnatin soja ce ta ba su a 1976. Sojan ne kuma suka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, abin da 'yan NEPU suka yi shekaru suna nema. Shi ya sa har yau za ka ji dattijo na cewa soja ne ke aiki, majalisa surutu kawai. Ina fahimtar mai wannan magana, amma ban yarda da shi ba. Hannun da ya ba matan ƙuri'a ba tare da tambayar kowa ba, irinsa ne ya soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 ba tare da tambayar kowa ba.

In ana son ganin tarihin nan gaba ɗaya a cikin doka guda, a duba dokar filaye. A 1908 wani kwamiti ya zauna a Landan kan ƙasar Arewa, a 1910 aka yi shelar cewa duk ƙasar tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. A 1916 aka sake ta da sabon suna bayan haɗewa. A 1962 majalisar Kaduna ta sake zartar da ita, ikon ya koma hannun minista. Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki tsarin ta shimfiɗa wa Najeriya duka a doka mai lamba 6, ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta, sannan aka cusa ta cikin tsarin mulkin 1979. Tsohuwar riga ce ake ta mayarwa marina. A Turanci ta sauya suna sau huɗu, a Hausa kuwa doka ce tun farko har ƙarshe. Mutumin da ke adana takardar shaidar filinsa a ƙasan akwati, in ya sa aka karanta masa, zai ji izinin zama aka ba shi, galibi na shekara 99, kuma gwamna na iya janyewa in an ce don amfanin jama'a ne. Diyyar da za a biya shi ta gini ce da amfanin gona da itatuwa. Ƙasar kanta ba ta cikin lissafi. Manoman da hanya ko rukunin gidaje ya ci gonakinsu a gefen Kano da Kaduna da Abuja sun san wannan sashe ba tare da sun taɓa karanta shi ba.

Tsarin mulkin da muke kai yanzu ma da dokar soja ya shigo, mai lamba 24 ta 1999, da sa hannun Janar Abdulsalami Abubakar, ko da yake gabatarwarsa da sunan al'ummar Najeriya take magana. Sashe na 315 ya ce a ɗauki dokokin da aka tarar tamkar majalisa ce ta yi su. Da wannan aka sake wa ɗimbin dokokin Turawa da na soja suna, suka shiga kundin dokokin tarayya. Huɗu daga ciki, har da ta filaye da ta yi wa ƙasa hidima, an ɗaure su yadda ba a taɓa su sai ta hanyar gyaran tsarin mulki. Lokacin kullen korona a 2020, dokar killace masu cuta ta 1926 aka zaro aka yi aiki da ita, dokar da aka yi a zamanin da babu ɗan Arewa ko ɗaya mai ƙuri'a a kanta.

Dawowar farar hula ta sake haɗa tsofaffin kalmomin biyu a wuri ɗaya. Da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, bai isa ya ce wa alƙalai su buɗe Muhtasar ba. Sashe na 36 na tsarin mulki ya hana hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi a dokar majalisa ba. Dole aka tsara hukunce-hukuncen sashe-sashe, majalisar Zamfara ta amince, kundin ya fara aiki a Janairun 2000, wasu jihohi 11 suka bi sahu. Shari'ar da a da ake auna doka da ita, ta ƙofar doka ta dawo.

Yau kalmomin majalisa sun cika rediyo, amma akwai biyu da ke ɓatar da mai sauraro. Ta farko ƙuduri. Da ita muke kiran daftarin da zai zama doka, da ita muke kiran matsayar da majalisa ke cim ma ta roƙon gwamnati ta gyara hanya ko ta tura jami'an tsaro. Na farko in ya tsallake karatu uku a majalisun biyu, shugaban ƙasa ya rattaba hannu cikin kwana 30, ko kashi biyu cikin uku suka danne ƙinsa kamar yadda aka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya Neja Delta, ya zama tilas a kan kowa. Na biyun kuwa kira ne, minista na iya jinsa ya yi shiru. Mutanen ƙauyen da suka ji an ce majalisa ta amince da ƙudurin gyara musu gada sukan zauna jiran abin da babu wanda doka ta tilasta wa yi. Ta biyu zartarwa. Muna cewa majalisar dokoki ta zartar da doka, muna kuma kiran gwamna da kwamishinoninsa majalisar zartarwa. Kalma ɗaya ta haɗe mai yin doka da mai aiki da ita, alhali raba su shi ne ginshiƙin tsarin. Ya kamata gidajen rediyo da jaridu su zauna su tsayar da magana a kan waɗannan biyu.

Sai dai ko an gyara kalmomin, halin majalisun na ƙara tabbatar wa talaka tsohon zatonsa. A Mayun 2019 majalisar Kano ta yi dokar raba masarauta gida biyar cikin ƙasa da mako guda, Gwamna Ganduje ya sa hannu a ranar da aka amince. Babbar kotun jiha ta rushe ta a Nuwamba saboda rashin bin ƙa'ida, aka sake wata a Disamba. Ranar 23 ga Mayun 2024 wata majalisar, ta wata jam'iyyar, ta soke dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Ba ina maganar wa ke da gaskiya kan sarautar ba. Magana ce ta miliyoyin mutane da tarihin ɗaruruwan shekaru, aka yanke ta sau biyu da saurin dokar soja. A Abuja kuma, ranar 20 ga Maris 2025, majalisun tarayya biyu suka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas da ƙuri'ar murya, duk da tsarin mulki ya nemi kashi biyu cikin uku. Murya ba ta da suna, ba ta kuma ƙirguwa.

Akwai lokacin da abin ya bi ta ɗaya hanyar. Gyaran da ya rage shekarun tsayawa takara, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na jihohi daga 30 zuwa 25, matasa ne suka taso da shi. Suka sami Tony Nwulu a majalisar wakilai da Abdul'aziz Nyako a ta dattawa suka ɗauki nauyinsa, suka yi tattaki, suka bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya suna wallafa sunayen waɗanda suka amince da waɗanda suka noƙe, har Shugaba Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayun 2018. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai in yawan ya san abin da ke cikin takardar.

Wannan kuwa shi ne aikin da aka bari tun zamanin Lugard Hall. Tsarin mulkin 1979 da na 1999 duk sun ce za a yi amfani da Hausa da Ibo da Yarabanci a majalisar tarayya in an yi tanadin da ya dace. A 1991 har ƙamus na kalmomin majalisa aka wallafa cikin harsuna huɗu don share fage, amma zaman Abuja da Turanci ake yinsa har yanzu. Jihohi ba sa buƙatar jiran Abuja. Sashe na 97 ya ba kowace majalisar jiha damar ƙara harshen da ake yi a jihar in ta amince da haka. Majalisar da ta so tana iya sa wa a ƙa'idojinta cewa ba ƙudurin dokar da zai shiga karatu na biyu sai an fassara shi an karanta shi a rediyon jiha, kuma a rubuta sunan kowane ɗan majalisa da ɓangaren da ya zaɓa a karatu na uku. Abin da hakan zai ci shi ne albashin mafassara, kuɗin bugawa, da 'yan mintoci a gidan rediyon da gwamnatin jihar ce ma ke da shi.